Gyangyaɗi a Hanyar Damagaram: Nazarin Lamarin Wani Ɗan Kasuwa da Motarsa

Mutumin da hanyarsa

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwa ne a Maradi, shekarunsa sun haura hamsin, harkarsa aya da riɗi da wake. Alhaji zan riƙa kiransa, tunda a garin nan wannan kiran ba ya nuna kowa. Ya fi shekara ashirin da permi, wato lasisin tuƙi, a aljihu. Motarsa ta dā wata tsohuwar a-kori-kura ce mai giyar hannu, gilashinta da hannu ake murɗawa, kujerarta kamar benci, allurar gudunta ta mutu tun da daɗewa. A cikinta ya yi ta zirga-zirga tsakanin Maradi da Damagaram, kusan kilomita 240 a kan babbar hanya ta ɗaya, ta Cadawa da Agie da Gazawa da Tasawa da Takeita. Ya ce duk tsawon shekarun nan bai taɓa sanin gyangyaɗi a bayan sitiyari ba. Ƙara da zafi da jijjiga ba su barin mutum ya runtsa.

Ni tuƙi nake koyarwa, bayan shekarun da na yi ina jan manyan motoci. Lamarin bai zo hannuna ba sai a watan Agusta. Abin da ya gabaci wannan daga bakin Alhaji na ji shi, da bakin ɗan ƙanwarsa, da bakin wani saurayi da ya taɓa ɗauka direba.

Janairu da Fabrairu 2022: yadda aka saita motar

A Janairu ya sayi mota ta hannu, ƙirar Japan amma wadda aka yi wa kasuwar Amurka, ta shigo ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Otomatik ce, da na'urar sanyaya ciki wadda nan muke ce wa kilim, ƴan'uwanmu na Katsina su ce esi. Littafinta bai zo da ita ba, ƴan rubuce-rubucen da ke kan maɓallai kuma da Ingilishi suke, Alhaji kuwa karatunsa na allo ne da ɗan Faransancin kasuwa.

Ranar da aka miƙa masa makulli, dillalin ya ɗora yatsa kan wani maɓalli mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta. "Alhaji, wannan ƴar fitilar kada ka bari ta mutu. Ita ke hana ƙura shiga, ita ke sa kilim ya yi sanyi da wuri, esansinka ma ba zai tafi ba." Alhaji ya riƙe maganar kamar wasiyya. Lambobin sanyin da ke kan allo sun ba shi mamaki, sittin da wani abu, saba'in da wani abu, a garin da arba'in da biyar ke kwantar da mutane. Bai tsaya bincike ba, ya murɗa ƙasa har lambobin suka ƙare, harufa biyu suka fito, ya bar shi nan.

Kujerar ta lantarki ce. Ya ja ta baya, ya kwantar da majinginar har babbar rigarsa ta daina tattarewa, yana riƙe sitiyari da hannu ɗaya daga ƙasa. Motar tana ƙara idan ba a ɗaura bel ba, sai aka zagaya da bel ɗin ta bayan kujera aka maƙala, ya yi zamansa a kai. A Fabrairu ɗan ƙanwarsa, ɗalibi mai son na'ura, ya nuna masa maɓallin da ke riƙe gudu, wanda masu Faransanci ke kira regilatar: "Kawu, ka kai gudun da kake so, ka danna nan, ka ɗauke ƙafa, ita za ta riƙe da kanta." Alhaji ya zaɓi 70. A ganinsa gudun dattijo ke nan.

Tsarin tafiyarsa bai sauya ba. Sau ɗaya a mako yana fita bayan asuba, ya kwana a Damagaram wajen mai masaukinsa, washegari ya gama lissafi, ya ci abinci, ya yi azahar, ya kamo hanya wajen ƙarfe 2 don ya shigo gida kafin magariba. Abu ɗaya ya ƙaru. A-kori-kura mutum ɗaya take ɗauka a gefensa, wannan kuwa kusan kullum da mutum huɗu a ciki bayan shi: yaran shago, dangi, da wanda aka roƙa a rage wa hanya. Tafiyar da ta saba cin awa huɗu ta koma biyu da rabi, ya ce albarkar sabon inji ce.

Maris da Afrilu: alamun farko

Da bazara ta kama, sai ya lura da wani abu a hanyar dawowa. Kafin a kai Takeita, kilomita 50 kacal daga Damagaram, kansa ya fara nauyi. Hamma ta biyo baya. Ya duba madubi, duk na baya sun saki wuya. Wata rana ya tsinci kansa a mashigar Tasawa bai tuna ya wuce ƙauyukan da ya saba ƙirgawa ba. A ƙarshen Maris, kusa da Gazawa, tayoyin dama suka sauka daga gudro suka hau tsakuwa. Ƙarar tsakuwar ce ta farkar da shi. Ya fizgo sitiyari, motar ta yi wutsil-wutsil ta daidaita. Na gefensa ya buɗe ido ya tambaya ko rami aka faɗa, Alhaji ya ce e.

Azumi ya kama a farkon Afrilu, cikin tsakiyar zafi, sai abin ya sami mai ɗaukar laifi: sahur, ƙishirwa, tsayuwar dare. Ya rage tafiya, ya ce bayan Salla komai zai koma daidai.

Mayu da Yuni: abubuwan da aka gwada

Bai koma ba. Mako biyu bayan Salla, da cikinsa cike da ruwa da abinci, nauyin kan ya dawo a daidai wurin da ya saba.

Ya fara da abin da kowa ke farawa da shi. Goro a kunci, shayi mai ɗaci kafin tashi, wa'azi a rediyo da ƙarfi, gorar ruwan sanyi yana yayyafa wa fuska. Kowanne yana ba shi ƴan mintoci, sai idon ya sake rufewa. Wani abokin harka ya miƙo masa taramol, ya ce ai da shi masu dogon zango ke kwana a hanya. Alhaji ya mayar masa. Ƙwayar maganin ciwo ce daga dangin masu sa maye, tana iya kawo barcin da ake gudu, tana iya kawo farfaɗiya, kuma ya ga abin da ta yi wa wasu ƴan kabu-kabu na unguwarsu.

Hajiya ta matsa ya je asibiti. Aka duba zazzaɓin cizon sauro, aka auna sukari da hawan jini, ba a ga abin damuwa ba. Aka tambaye shi ko yana samun barci, ya ce alhamdu lillahi, aka wuce. Wata gwaggonsa ta ce sabuwar mota ba ta rasa idon mutane, aka yi sadaka, aka yi addu'a. Ya kai motar gareji ya ce sanyin bai isa ya tsare masa ido ba, bakanike ya ƙara gas, kilim ya ƙara ƙarfi har na baya suna rufa da rawani. Babu wanda ya buɗe wani abu ban da bonet.

A farkon Yuni ya ɗauki direba, saurayi ɗan shekara ashirin da ƴan kai, mai permi, wanda ya yi karen mota shekara uku kafin ya kama sitiyari. Alhaji ya gindaya masa sharaɗi: kada ya taɓa saitin komai, kujera kaɗai ya matso da ita. Tafiya ta farko lafiya, su biyu ne a motar. A ta biyu mota ta cika, bayan Takeita Alhaji ya farka ya ga kan yaron yana sunkuyawa. A ta uku ma haka. Yaron ya rantse ya kwanta da wuri. Ya ce, "Maigida, wallahi motar ce ke sa ni, ko za a ɗan sauke gilas?" Alhaji ya ce yawon dare ne ke sa shi, kuma ba za a shigar masa da ƙura mota ba. Ya biya shi kuɗin watan ya sallame shi.

Yuli: ranar ruwan sama

Daminar 2022 ta zo da ruwa sosai a yankin Maradi da Damagaram. Ƴan kwanaki kafin Babbar Salla, suna dawowa su biyar, hadari ya tare su tsakanin Agie da Cadawa. Biyu daga cikin fasinjojin ruwa ya taɓa su a tasha, tufafinsu da danshi. Suka yi ƙorafin sanyi, Alhaji ya kashe kilim. Ƴar fitilar nan ta dillali kuwa tana nan a kunne, gilasai a rufe.

Cikin ƴan mintoci gilashin gaba ya fara yin fari daga ciki. Ya kunna waifa da ƙarfi, ba ta taɓa shi ba, don raɓar ba a waje take ba. Ya cire hularsa ya miƙa ya goge. Da yake kujerar a kwance take kuma nesa, sai da ya ɗago gaba ɗaya ya saki majingina, hannu ɗaya a sitiyari. Regilatar yana riƙe da 70 ɗinsa. Ta ɗan tagar da hular ta share ya hango amalanken shanu ɗauke da raguna a gefen hanya, kusa ƙwarai. Ya taka birki, ya karkata hagu, motar ta zame ta tsallaka ɗaya hannun ta faɗa kwatar gefen hanya. Allah ya sa babu mai zuwa daga gaba.

Ƙirjinsa ya bugi sitiyari, ya yi mako uku yana jin numfashi da ƙyar. Wani yaron shago ya fasa leɓe a jikin kujerar gaba. Mai amalanke da ragunansa ko ƙwarzane. Motar ta yi wata guda a gareji, gyaran ya ci jikka ɗari da ɗoriya.

Agusta: tafiyar gwaji

Ɗan ƙanwar ne ya zo wurina, don ni na koya masa tuƙi. Alhaji bai so ba da farko. Ya ce, "Malam, ni da nake tuƙi tun kafin a haifi yaron nan za a mayar makaranta?" Na ce ba tuƙi zan koya masa ba, zama kawai zan yi a motar in ga abin da take yi wa mutane.

Muka tashi daga Damagaram ƙarfe 2 da ƴan mintoci, mu biyar. Na zauna gaba da agogo da takarda, ban taɓa komai ba. A minti na 30 na baya suka yi shiru. A minti na 35 Alhaji ya yi hamma ta farko. Wajen minti na 45 na ji nawa kan ya fara nauyi, ni da na yi barcina cikakke, kuma iskar motar, duk da sanyinta, ta yi irin nauyin ɗakin da aka kwana a rufe. A minti na 50 ƙiftawar idonsa ta fara tsawo, motar tana ɗan lasar tsakiyar hanya. Na ce ya tsaya. Muka fito ƙarƙashin wani gawo, mintoci biyar, kowa ya wartsake kamar an zuba masa ruwa.

Kafin mu tsaya na riga na ga wani abu da ya fi barcin tayar mini da hankali. Manyan lambobin agogon gudun motar mil suke nunawa, kamar yadda ake yi a Amurka, kilomita kuma ƙananan lambobi ne a zagayen ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan kai. Saba'in ɗin da Alhaji ya ɗauka gudun dattijo, kilomita 113 ne a awa. A wannan gudun mota tana cin mita 31 a daƙiƙa ɗaya. Idan ido ya rufe daƙiƙa huɗu, an shafe mita 125 babu direba, tsawon da ya fi filin ƙwallo. Tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya a kilomita 113 kuwa ta ninka ta kilomita 70 sau biyu da rabi, a busasshiyar hanya ma ke nan. Na nuna masa ƙananan lambobin da yatsa. Ya daɗe yana kallonsu bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ashe shi ya sa Tasawa ta matso."

Daga nan muka koma kan ƴar fitilar. Aikin maɓallin shi ne ya toshe ƙofar da iskar waje ke shigowa, ya riƙa juya ta ciki. Dillalin bai yi ƙarya ba: ƙura ba ta shiga, sanyi yana zuwa da wuri, inji yana ɗan samun sauƙi. Abin da bai faɗa ba shi ne mutum biyar suna numfashi a cikin akwati rufaffe. Iskar waje tana ɗauke da kabon-dayoksaid kusan 420 cikin miliyan. Wadda ke fita daga huhunmu tana ɗauke da kusan kashi 4 cikin ɗari, wato ninki ɗari. A cikakkiyar mota da aka toshe, kafin awa guda ta cika adadin ya kai dubbai, daga nan kuma nauyin kai da kasala da raguwar natsuwa ke farawa. Numfashin nan dai shi ke ɗauke da danshi. Kilim yana tsotse danshin muddin yana aiki, ranar da aka kashe shi aka bar ƙofar iska a toshe, danshin ya kwanta a gilashi mai sanyi. Abin da ya faru a Yuli ke nan.

Na danna maɓallin, fitilar ta mutu. Sai ga warin ƙura, iskar kuma ta yi rauni. Alhaji ya kalle ni irin kallon na-faɗa-maka. Da muka tsaya a Tasawa muka sake tayar da motar, fitilar ta dawo da kanta. Wannan ya ɗaure mini kai na ɗan lokaci, sai na lura da harufan nan biyu a kan allo. An kai sanyin ƙarshensa, motoci da yawa kuma idan aka ce musu su ba da iyakar sanyi, da kansu suke toshe iskar waje don su cika umarni. Lambobin da suka ba shi mamaki ma awon Amurka ne, Farenhait: 60 nasu wajen digiri 16 ne namu, 75 kuma wajen 24.

Washegari muka je gareji. Na ce a fara da salansa da robar bakin but, don idan hayaƙin inji ke shigowa to maganar ta wuce barci: kabon-monoksaid ba shi da wari, kuma yana kisa. Aka ɗaga motar aka bi bututun daga inji har wutsiya, babu tsaga. Sannan na ce a sauke akwatin da ke gaban kujerar fasinja. Bakaniken ya ce ai babu komai a nan. Akwai: matatar iskar ciki, wadda ya kamata ta yi fari kamar takarda. Da aka zaro ta, ta yi kama da soson da aka tsoma a kunu ya bushe, ƙura ta toshe kowane lungu, a tsakiya kuma ga busassun ganyayen itacen da ba a ƙasar nan ya tsiro ba. Ta ƙetare teku da dattinta, hunturunmu ya ƙara mata. Sabuwa ba ta kai kuɗin rabin tanki ba. Da aka sa ta, iskar waje ta shigo da ƙarfi, babu wari.

Tambayar da ta rage ita ce wadda aka yi masa a asibiti ya amsa da alhamdu lillahi. Na sake ta da lissafi: ƙarfe nawa yake kwanciya a Damagaram, ƙarfe nawa yake tashi? Hira da shayi a ƙofar gidan mai masauki har kusan sha biyun dare, tashi kafin kiran asalatu. Awa biyar ba ta cika. Sannan ya ci tuwo ko shinkafa da nama, ya hau hanya a daidai lokacin da jikin ɗan Adam ke saki, tsakanin azahar da la'asar.

Ƙarshen Agusta zuwa Satumba: gyare-gyare

Wasu sun zauna, wasu sun ƙi. Shawarar da na fara bayarwa, ya riƙa dawowa da sassafe, ba ta yi mako biyu ba, don masu biyansa kuɗi sai hantsi suke fitowa. Sauke gilasai gaba ɗaya a kan hanya ma ya ƙi, ƙara da zafi sun kori kowa. Muka tsaya a kan abin da rayuwarsa za ta ɗauka.

Sanyi a kan 75. Idan motar ta sha rana a ajiye, a sauke gilasai minti biyu ko uku zafin ya fita, a kunna fitilar har ciki ya yi sanyi, sannan a kashe ta a bar iskar waje. A sake kunna ta a bayan babbar mota mai hayaƙi ko inda ƙura ta tashi, a kashe da an wuce. In ruwa ya sauko, kilim ya zauna a kunne, a rage sanyin in an ji ɗari, a juya iskar zuwa gilashin gaba da maɓalli mai hoton gilashi da kibiyoyi uku. Na sa shi ya danna kowane maɓalli sau da yawa a tsaye a ƙofar gida, har hannunsa ya san wurinsu ba tare da ya sauke ido ba.

Kujerar ta fi komai jawo gardama. Muka ɗago majinginar ta kusa miƙewa, muka matso har wuyan hannunsa ya kai saman sitiyari kafaɗarsa na jingine, gwiwa da ɗan lanƙwasa ko ya taka birki har ƙasa, ƙirjinsa da tsakiyar sitiyari kuma da tazarar santimita 25 saboda jakar iska. Matashin kai muka ɗaga ya yi daidai da tsakar kansa. Ya ce an mayar da shi ɗan makaranta. Muka kwance bel daga bayan kujera. Na gaya masa abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa, cewa bel yana rage haɗarin mutuwar na gaban mota da kusan rabi. Ya taɓa ƙirjinsa inda sitiyari ya buge shi, ya ce ba sai hukuma ta gaya masa ba.

A gilashin agogon gudu muka manna farin salatif guda biyu, ɗaya a kan 30, wato kilomita 48, don cikin ƙauye, ɗaya a kan 55, wato wajen kilomita 90, don fili. Regilatar na ce ya bar shi. A hanyar da akuya da jaki da amalanke da yara ke fitowa ba sallama, ƙafa ba ta da hutu.

Lokaci kuma: abinci mara nauyi, kwanciya minti 20 a shagon mai masauki kafin azahar, tashi wajen 2 da rabi, tsayawa a Tasawa a yi la'asar a taka ƙasa, shiga Maradi wajen ƙarfe 6. Da yake mai dawowa daga Damagaram yamma yake fuskanta, rana na cikin idonsa a zangon ƙarshe, sai muka ƙara da goge gilashi ciki da waje a Tasawa da sauke makarin rana.

Oktoba zuwa Disamba: abin da ya biyo baya

Ɗan ƙanwar ya riƙa rubuta kowace tafiya. Cikin tafiye-tafiye goma sha huɗu, sau biyu barci ya taso. Na farko a Nuwamba, ranar da hazo ya rufe gari: ya kunna fitilar tun daga Damagaram ya manta da ita, bayan Takeita ya ji kan ya fara nauyi, ya duba ya gan ta, ya kashe, ya sauke gilas kaɗan, abin ya wuce. Na biyu a Disamba. Iska a buɗe, kujera daidai, su uku kacal a motar, amma daren jiya an yi zaman makoki, awa uku ya samu. Wannan karon babu maɓallin da ya yi amfani. Ya gangara gefen hanya kafin Gazawa, ya yi barcin minti 20, ya tashi ya ƙarasa. Matatar iska an sake ta a ƙarshen Disamba, wata huɗu kacal, ta riga ta yi ja.

Hukunci

Alhaji yanzu yana gaya wa mutane a kasuwa cewa maɓalli ɗaya ne ya kusa kashe shi. Labarin yana da daɗin ji, amma tafiyar Disamba ta ƙaryata shi. Tushen matsalar ƙarancin barci ne da hawa hanya da tsakar rana bayan cin abinci, kuma wannan ya daɗe tare da shi tun zamanin a-kori-kura. Tsohuwar motar ce ke ɓoye masa shi da ƙara da zafi da canjin giya. Sabuwar ta cire duk waɗannan, ta ƙara masa rufaffiyar iska, ta kwantar masa da baya, ta ɗauke wa ƙafarsa aiki. Mai gyangyaɗi a mota ta dā, ƙafarsa kan saki totur gudun ya ragu, wani lokaci ragin ne ke farkar da shi. Da regilatar babu wannan, motar tana ci gaba da 113 ko mai ita yana duniyar mafarki.

Goro da shayi da ruwan sanyi sun gaza don alamar suke bi. Ƙarin gas ya ƙara lalata abin, tunda ya kai sanyin inda sai an kashe kilim ɗin gaba ɗaya. Asibiti sun yi tambayar da ta dace, sai dai a ƙasar nan wanda aka tambaya lafiya da godiya yake amsawa, sai an tambaye shi da ƙarfe da minti. Idan aka ce in zaɓi gyaran da ya fi sauran nauyi, salatif ɗin nan biyu zan zaɓa, don shi kaɗai ne ke aiki ko a ranar da sauran suka gaza. Bayansa ƙailular minti 20, sannan matatar iska, wadda ba don ita ba da Alhaji ya mayar da fitilarsa a rana ta biyu, kuma da gaskiyarsa.

Hujja mafi ƙarfi ta bayyana tun a Yuni aka kore ta. Mutum biyu masu bambancin shekara talatin suna gyangyaɗi a mota ɗaya, a wuri ɗaya, sai in ta cika, kuma ɗayansu ya faɗi maganin da bakinsa. Na gaya wa Alhaji haka ba tare da kwana-kwana ba. Bai amsa ba a ranar. Daga baya ya aika a nemo yaron, aka tarar ya kama tuƙin wata motar haya ta hanyar Ɗan Isa, ya ce ya gode, yana nan inda yake. Alhaji ya aika masa da buhun wake.

Bel ɗin kuwa rabi aka samu. A kan babbar hanya yana ɗaurawa, da ya shigo gari sai ya kwance, wai yana yamutsa masa riga. Na baya har yau babu mai ɗaurawa, maƙalan nasu ma suna can cushe ƙarƙashin kujera tun daga Kwatano.